Ranar da Na Tausaya wa Kwamfuta

Ko tsufa ya kwashe min komai, abin da na yi wa 'yar farina da hannuna ba zai bar raina ba.

Tana digiri na biyu a Kano, sai ta dawo gida Tudun Kaya ta ƙarasa aikinta, wai nan ya fi shiru, ga sola babanta ya sa mana. Da yake 'yar fari ce, ba na zama hira da ita. Sai na fake da tsintar wake, ina jin tana yi wa Malam, baban nata, bayani.

"Baba, furotin ɗin da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum kamar dogon carbi yake. A kan wasu 'ya'yan carbin jiki yakan liƙa fosfet, shi ke kunna aiki ko ya kashe shi. Kwamfutar nan nake koya wa ta yi hasashen inda zai liƙa."

"Fosfet? Na takin supa da muke zuba wa gyaɗa?"

"Danginsa ne."

"Ikon Allah! Ashe ni ma gona ne."

Ranar Laraba ta sa wa kwamfutar lissafi na ƙarshe, mai cin kwana huɗu ba tsayawa. Litinin za ta kai sakamakon gaban malamanta, in ta rasa ranar sai wani zangon. Asabar da safe suka tafi ta'aziyya Rogo ita da Malam.

"Umma, don Allah kada kowa ya taɓa ta."

Na kulle ɗakin, na ɗaure makulli a bakin zanena. Yara na kora, kaji na kora. Ban taɓa kawo wa raina ina cikin "kowa" ba.

Bayan azahar na leƙa in ga lafiyar amana. Sai na ji tana huci. Na ɗora hannu, zafi rau, kamar goshin mai zazzaɓi. Kwana uku baiwar Allah tana aiki! Ko injin markaɗe ana kashe shi ya huce, ko jaki ana sauke masa kaya da rana. Na ɗauki waya zan tambaya, kunya ta hana ni: in kira 'yar fari tana cikin mutane, a ce na kasa haƙurin wuni ɗaya? Na zare mata wuta, na danne maɓallin har ta yi tsit, na kai ta gindin randa ta sha sanyi. Wallahi har sannu na ce mata.

Da la'asar sakaliya suka dawo, na tare su da fara'ar wadda ta yi aikin lada.

Yarinyar ta durƙusa gaban randar, ta buɗe kwamfutar, ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Umma, saura kwana ɗaya fa."

"Zafi ta yi..."

"Haka take yi in tana aiki." Ta goge ido da mayafi, sai kuma ta yi wata 'yar dariya. "Shekara biyu ina koya mata hango abin da ke cikin ƙwayar jikin mutum. Ke ce ban hango ba."

Litinin ta wuce ba ita. Sai bayan wata huɗu ta kare aikin, abokan karatunta duk sun riga ta fita. Har yau ba ta taɓa goranta min ba, shi ne ma ya fi min ciwo.

Tun ranar na gane tausayi ma sai da sani. In zuciyata ta ce in taimaka, nakan tsaya tukun in tambayi mai abu, ko da kunya za ta kashe ni.