Shayin Kwali

Duk Babbar Sallah a gidanmu na Gashuwa, in an gama cin nama, Inna takan ƙona sukari a gindin buta har ya yi ja, sannan ta zuba ruwa da ganyen shayi da citta da kanumfari.

Sallar farko bayan rasuwarta, yayana ya zo daga Nguru da kwalin shayin kanti mai hoton citta. Ya tsoma ƙulli ɗaya a ruwan zafi ya miƙo mini.

"Sha ka ji, ƙanena. Sak na Inna."

Na kurɓa, na ji ruwa mai warin turare. Duk shekarun da ya yi yana shan nata, ashe sukarin kawai yake ji. Na ajiye kofin, na shiga ɗakinta na ɗauko butar.