Kyamara a Cikin Kular Shinkafa

Ko da zan manta ranar da na fara sauka a London, ba na jin zan manta wata Asabar da na ratsa ruwan teku da kular abinci a kaina. Yau fiye da shekara talatin ke nan, furfura ta cinye min kai, amma in na ji ƙanshin daddawa a cikin dafa-duka sai in ji sanyin ruwan nan ya taso min tun daga tafin ƙafa.

A lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, muna zaune a wani ɗan gida a hawa na uku a Woolwich, ni da matata. Allah ya ba mu ɗanmu na fari, muka sa masa sunan mahaifina, wanda ya rasu ina ƙasar nan ban samu zuwa ba. Ranar suna falonmu ya cika har matakala, ni kuma ina ta kai da kawo da 'yar kyamarata. Yaran yanzu ba za su gane ba. Kyamarar zamanin fim ake sa mata, mai cin hoto talatin da shida, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. In ruwa ya shige ta kafin nan, sai dai ka ba da labari da baki.

Ana cikin haka wasiƙar ƙanena ta iso daga gida. Ya rubuta cewa yanar idon Inna, mahaifiyarmu, kullum ƙaruwa take. "Ta ce a gaya maka ka turo mata hoton mijin nata tun tana iya gane fuska." Jikan take nufi, irin wasan nan na kaka da jika. Na karanta layin nan ya fi sau biyar. Akwai wani ɗan garinmu da zai tashi ranar Laraba, ya yarda zai kai mata hannu da hannu. Abin da ya rage kawai in kai fim ɗin wanki ranar Litinin.

To, hoto uku ne suka rage a cikinsa. Matata ta ce, "Malam, ga yaro nan a kwance, ka ɗauke shi sau uku ka cire fim ɗin mu huta mana."

Na ce mata a'a. Ni ina da wani shiri. Maƙwabcinmu na ƙasa, wani direban bas mutumin Numan da ya girme ni, wanda nake kira Yaya, ya daɗe yana min romon baka kan kamun kifi a bakin teku. Shi ɗan bakin Binuwai ne, ni kuma na tashi a fadamun Haɗejiya, saboda haka duk ranar da muka haɗu sai gardamar wa ya fi wani sanin ruwa. So nake a ɗauke ni riƙe da ƙaton kifi, teku a bayana, a kai gida a gani. Gaskiya ɗaya ce, burga ce ta kai kyamarar nan bakin ruwa, ba wani abu ba.

Ranar Asabar da safe, ni da Yaya muka hau jirgin ƙasa zuwa Charing Cross, muka canza wani mai zuwa kudu, da dogayen sandunan fatsa a kafaɗa, Turawa suna ta kauce mana. Matata ta cika mana kula da dafa-duka, ta haɗa mu da burodi. Da muka isa sai muka tarar ruwa ya janye can nesa, ya bar fili fetal na jiƙaƙƙen yashi. Muka gangara wani ɗan kwari wanda ruwansa bai rufe idon sawu ba, muka haye wani tudun yashi mai faɗi, muka aje kayanmu a busasshen wuri yadda ake aje riga a bakin kogi.

Wani tsohon Bature mai yawo da kare ya tsaya ya ce mana mu lura, ruwan zai dawo ba da daɗewa ba. Muka yi masa godiya. Yana ba da baya Yaya ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Malam, ka ga hadari?"

Na ce, "Ko ƙyalle."

"To da me zai dawo? Mutumin nan river ma bai sani ba, zai koya mana ruwa."

Muka yi dariya har da tafawa. A wurinmu kogi ba ya cika sai an yi ruwan sama, kuma ko ya tashi cika, kwana yake yana ba ka sanarwa. Mun karanta a makaranta cewa teku tana cika tana janyewa, amma karatun ya tsaya a littafi. Ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa filin da muka taka da takalmi zai koma ruwa kafin la'asar ba.

Muka shiga har gwiwa muna jefa ƙugiya cikin kumfar igiyar ruwa. Awa biyu ko uku, ko ɗan ƙaramin kifi bai taɓa mana tana ba. Muka fito muka ci rabin shinkafar, muka koma. Ni dai idona yana gaba, ina jiran kifin hoto. Sai da na ji ruwan da ke gwiwata ya kai cinya ban matsa ba, sannan na waiwaya. Ɗan kwarin nan da muka tsallako ya zama kogi sosai, yana gudu, ya raba mu da gaɓa. Tudun yashin da muke kai kuwa saura kamar faɗin tabarma huɗu, jakata tana tsakiya, kumfa tana lasar gindinta.

Ban san sanda na isa wurin ba. Na zaro kyamarar, na juya ta, a bushe take. Yaya ya ce, "Tide ne wallahi, teku ce ke cikowa! Bar komai, mu yi crossing yanzu-yanzu."

Na ce, "Komai ban da wannan."

Da ina da 'yar robar da fim ke zuwa a ciki, da na naɗe shi na jefa a ciki na rufe. Amma robar tana gida, matata ta mai da ita gidan allura da maɓallai. Na dubi jakata, yadi ce. Na dubi aljihuna, ruwa zai wuce su. Sai idona ya faɗa kan kula. Na juye sauran shinkafar a yashi, tsuntsayen teku suka yo ca a kai. Na goge cikin da hulata, na zare safa ɗaya busasshiya daga jaka na cusa kyamarar, na zazzage burodi na sa ta a ledarsa, na ɗaure bakin da zaren fatsa. Na danna ta cikin kula, na murɗa murfin har sai da yatsuna suka yi ƙara. Sannan na cire mayafin wuyana na naɗa gammo, na ɗora a ka.

Haka muke yi muna yara in damina ta yi nisa, fadama ta raba mu da makaranta. Riga da littafi a ka, kai kuma ka jiƙe, ba komai. Shekara goma sha biyar rabona da ɗaukar kaya a ka, amma wuyana bai manta ba.

Yaya ya shiga gaba yana lalube ƙasa da gindin sandarsa, ni ina biye, hannu ɗaya a kan kula, ɗaya riƙe da bel ɗinsa. Sanyin ruwan ba ya faɗuwa. Da ya kai min ƙugu numfashina ya ɗauke, da ya kai ƙirji na daina jin ƙafafuna. Yashi yana zamewa a ƙarƙashina, takalmina ɗaya ya tafi. A tsakiya wata igiya ta taso daga gefe ta mare ni a kunne, na sha ruwan gishiri, na yi taga-taga.

Yaya ya juyo ya daka min tsawa, "Malam, saki kwanon nan! Kana da mata da jariri!"

Gaskiyarsa ce, kuma har yau ban ce na yi daidai ba. Amma a lokacin ba abin da nake gani sai Inna zaune a ƙofar ɗakinta tana tambayar ko baƙon London ya iso. Na saki bel ɗinsa, na ɗaga kular sama da hannu biyu iya tsawona, na ce, "Yaya, ka riƙe ni kawai. Ni ba zan sake ta ba." Ya zage ni da yarensu, sannan ya cafki kwalar rigata. Ina ta salati, shi yana kiran Yesu, muna taku ɗaya-ɗaya, ruwa a haɓata. Kafaɗuna kamar za su tsinke, na ce a raina ko za su tsinke sai dai su tsinke a tudu. Can na ji ƙasa ta fara tashi, ruwa ya sauko ƙirji, ya sauko ciki, muka zube a kan tsakuwa muna haki.

Jakata ta tafi, sandata ta tafi, kifi ko ɗaya babu. Da kyar na buɗe murfin saboda yatsuna sun ƙage. Ledar a bushe, safar a bushe, kyamarar sai ƙanshin daddawa take. Na zauna a wurin na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Da muka koma gida, ƙafa ɗaya ba takalmi, matata ta saurari labarin tsaf ba ta katse ni ba. Ta karɓi kularta ta duba, ta ce, "To, Alhamdu lillahi. Ita dai ta fi ku hankali, ku biyun." Washegari da hantsi na matso da kyamarar dab da fuskar yaron, na ɗauki hoto ukun nan, kamar yadda ta ce tun farko.

Bayan 'yan makonni kaset ya zo daga gida, da muryar ƙanena. Ya ce hotunan taron suna Inna ba ta gane komai a ciki ba, mutane sun yi mata ƙanana. Amma da aka miƙa mata ɗaya daga cikin ukun nan, ta fito rana, ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ga goshin Malam nan." Marigayi mahaifina take nufi. Damina ba ta zagayo ba idon ya rufe gaba ɗaya, kuma Allah bai yi za ta ɗauki yaron a hannunta ba.

Tun daga ranar, abin da na san ba shi da madadi ba na ɗaukarsa in tafi neman burga da shi, kuma in ɗan gari ya ce min ruwa zai dawo, ba na duban sama. Hoto ukun da na so in ɓatar a kan kifin da ban kama ba, su ne kaɗai ganin da mahaifiyata ta yi wa jikanta.