Binciken Mai Kiɗan Iska a Malumfashi

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka kama hanya daga Funtua, ni da ƙanwata. Ita ce ke rubuta maku wannan da nake faɗa, tunda ita aka kai boko, ni aka bar ni da taɓarya. Kun dame ni da kira a waya, kowa na son jin yadda ta kaya. To ga shi sau ɗaya, kada a sake tambayata.

Wanda bai san mafarin ba ya sani. Jikata Bilki, wadda na riƙa tun tana zanen goyo bayan rasuwar uwarta, ita ta kawo wani Sagir, malamin gona a Malumfashi, ta ce shi take so. Manyanshi sun zo gaisuwa, aka ce su dawo ranar Juma'a su ji amsa. Ana cikin haka sai wani mai sayar da taki ya tsegunta wa ɗana, uban yarinyar, cewa a yi hattara. Wai an sha ganin mutumin nan tsugune a tsakiyar dawa, kunnuwa a toshe, riƙe da sanda mai gashi a ka, a yi mashi sallama ba ya amsawa. Wai daga ɗakinshi wani irin gunji ke fitowa, ba ganga ba waƙa. Kuma shekara talatin da huɗu yana wasan yara a talabijin, wanda suke kira gem. Uban ya ce ya bar mani wuƙa da nama: in na ce a ba shi, a ba shi, in na ce a'a, magana ta mutu. Bilki ta kwana biyu tana jujjuya cokali a kwano. Ni kuwa ba na aika kowa bincike. Ɗan aike da idonshi yake gani, ba da nawa ba.

A tasha kwandasta ya rantse mana saura mutum ɗaya. Muka zauna har rana ta fito ana jiran mutum ɗayan nan, da ya tashi zuwa sai ya zo su huɗu da buhun waken suya. Kuɗin mota kam ba a magana. Abin da a da zai kai ni Katsina in dawo da tsaraba, yanzu iyakarshi Malumfashi, kuma ƙafarka a kan buhun wani.

Hanya dai ta yi kyan gani. Damina ta zo ƙarshe, an fara karyar masara, ko'ina an shanya ta a gefen kwalta, direba na kaucewa yana tsaki. Dawa ta fid da kai, sai dai na ga gonaki biyu kafin Bakori da ba a yi masu maimai ba, ciyawa ta kai ƙugu. Ban san masu su ba, amma na san irin su. A Bakori muka sayi ƙosai ta taga. Ƙosan ya koma girman kanya, mai tuyar kuma ko kunya. Wani saurayi a gefena ya ƙure waƙa a wayarshi. Kallo ɗaya na yi mashi ya kashe.

Da hantsi muka sauka Malumfashi, amma ban nufi gidansu kai tsaye ba. Mai son jin gaskiyar gida, maƙwabta yake fara gaisarwa. Na tsaya wurin mai shagon bakin layi da sunan sayen ashana, na tsaya wurin wata tsohuwa mai daddawa. Sallah? Sahun farko. Shaye-shaye? Ko goro ba ya ci. Faɗa? Ba a taɓa jin shi da kowa ba. Sai dai duk wanda na tambaya, da ya kai ƙarshe sai ya sosa ƙeya ya ce, amma dai kiɗan nan nashi. Mai daddawa ta rage murya ta ce, "Hajiya, kin taɓa sa kunne a bakin randar da ba ruwa? To haka yake, tun daga la'asar."

Mahaifiyarshi ta karɓe mu hannu biyu, ta kawo waina da miyar taushe. Wainar ta yi laushi, miyar kabewa ta ɗan yi mata yawa. Ta ce Sagir ya fita Gozaki tun da safe duba gonaki. Na ciro wayata in gaya wa ɗana mun iso, na tarar ta mutu. Unguwar ba wuta. Uwar ta ce ɗakin Sagir ne kaɗai mai sola, in shiga in sa caji, ita kuma ta koma madafa. Ƙanwata ta tashi sallar walha. Dama abin da nake nema ke nan, na shiga ni kaɗai.

Ɗaki tsaf, gado a gyare, takalma a jere. Na ba shi wannan. Amma bango guda kanta ce, cike da wasu ƙananan kaset-kaset kamar sabulun wanki, kowanne a cikin ledarshi. Ga tsohuwar talabijin mai doro a kashe, ga lasifika biyu, ga wasu akwatuna masu ruwan toka guda uku. Ɗaya daga ciki tana da ɗan jan ido yana ci kamar garwashi. Na duƙa wurin soket, duk ramukan a cike. Wayar da ta fito daga akwatin mai jan ido kuwa, an ɗaure mata takarda da zare, da jan rubutu a jiki. Na ce to, an zo wurin. Ga laya. Na yi bisimilla na fizge wayar, na soka cajina a gurbinta. Jan idon ya mutu. Takardar na tsinke ta na ƙulle a haɓar zane, don ba na yanke hukunci ba shaida.

Daga nan muka ɗauki mashin biyu zuwa Gozaki, don ina so in ga mutumin a inda bai san ana kallonshi ba. Hanyar bayan an sauka kwalta taɓo ce da kwazazzabai. Mai mashin ɗina ya so ya nuna mani gwaninta, na riƙe mashi kafaɗa na ce in ya kayar da ni shi zai yi jinyata a ɗakin uwarshi. Ya dawo tafiyar hawainiya. Mutanen wajen suna da kirki, kowa ka tambaya ya san malamin gona. Wani dattijo mai yankan ciyawa ya nuna mana da lauje, ya ce mu bi gefen dawar can, kusa da gidan Maguzawa, za mu same shi yana sauraron Allah-san-me.

Mai taki bai yi ƙarya ba. Ga shi tsugune a kunya, wani abu kamar faifai biyu manne a kunnuwa, ga sanda mai gashi a ka kamar an soke bushiya. Na yi sallama. Bai waiwayo ba. Na ƙara. Sai ya ɗaga mani yatsa, wai in yi shiru. Ni! Ƙanwata ta riƙe mani mayafi ta ce, "Yaya, don Allah." Da ya juyo ya ga ko su wane ne, saura kaɗan ya faɗa cikin dawar. Ya zube ƙasa yana gaisuwa.

Na ce, "Malam, me kake ji a nan da mu ba mu ji?"

Bai tsaya dogon bayani ba, ya goge abin kunnen da hularshi ya miƙo mani. Na tofa addu'a na sa. Jama'a, ashe gona tana da murya. Iska na bi ta cikin ganyen dawa, shuuu, kamar ana sheƙar hatsi daga nesa. Ga kurciya, ga zuma na shawagi a kan furen wake. Can ƙasa-ƙasa kuma ga lugude, mata uku a turmi ɗaya cikin gidan can. Rabona da jin wannan tun a gonar babanmu ina budurwa. Ya ce shi abin da yake yi ke nan in ya gama zagayen aiki: ya ɗauki sautin, ya je gida ya ja shi ya yi tsawo, ya shimfiɗa mashi wani amo mai sanyi a ƙasa, kiɗa ne na natsuwa, ba na rawa ba. Wai har a ƙasashen waje akwai masu nema su saurara. Na ce su ta shafa.

Na cire abin na ce mashi luguden nan bai yi ba. Ta ukun tana makara, kuma turmin a tsage yake. Ya dube ni, ya tashi ya leƙa gidan. Ya dawo da matar gidan tana dariya tana tafa hannu, ta ce turmin ya tsage tun bara, ta ukun kuma sabuwar amarya ce daga birni. Ta cika mana ƙwarya da gyaɗa ɗanya. Sagir ya ce wata uku yana ɗaukar luguden nan bai taɓa ji ba. Na ce ai kunne ba a kanti ake sayenshi ba.

To, maganar hauka ta faɗi. Saura laya.

Bayan azahar muka koma Malumfashi tare. Yana gaba yana ta zuba, baki har kunne, wai zai nuna mani wani abu da ya kwashe shekara ashirin da biyar yana nema. Muna shiga ɗakin na kwance haɓar zane na ce, "Kafin ka nuna mani komi, wane malami ya rubuta maka wannan?"

Ƙanwata ta karɓa ta ɗaga tabarau ta karanta da ƙarfi: "Don Allah kada a cire. Saura ƙofa ɗaya."

Sagir ya dubi takarda, ya dubi soket, ya dubi akwatin da jan idonta ya mutu. Uwar da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, na manta ban gaya maki ba!" Ita ta warware mani zancen. Akwatin nan marigayi mahaifinshi ya sayo mashi yana aji huɗu na firamare. A cikin gem ɗin wani ɗan mutum ne ke hawan dutse mai ƙofa arba'in. Irin na da ne, ba ya riƙe inda ka tsaya. In wuta ta yanke, ka koma ƙofar farko. Tun yana yaro wuta ke yanke mashi, don wannan ma ya tara ya sayi sola. Kwana tara yana hawa a hankali bayan aiki, bai kashe akwatin ba, har ya kai ƙofa ta talatin da tara, inda bai taɓa kaiwa ba. Ya tsayar da shi yana jiran Asabar ya ƙarasa a natse.

Ban ba da haƙuri nan take ba. Na gyara tsayuwa na zuba mashi ido, don abin da ya kawo ni ke nan ban sani ba. Marigayi Malam maigidana, Allah ya jiƙanshi, mutumin kirki ne, amma ranar da na karya mashi eriyar rediyo sati guda tuwona na kwana a kwano. Na san maza. Ba ka sanin namiji sai ka ɓata mashi abin da yake ji da shi.

Ya zauna a bakin gado. Ya dubi tafin hannunshi. Jijiyar wuyanshi ta tashi, na gan ta. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau biyu. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wayata ya duba. Sai na ga kafaɗunshi na girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

Ya ce, "Hajiya, ai ba ta ma yi caji ba. Ba ki soka bakin a jikin wayar ba."

Ya soka mani da kanshi, ya ajiye ta a kan matashi. Ya ce laifinshi ne, da ya kamata ya faɗa da baki, ba ya bar wa takarda ba. Ya zare kaset ɗin daga akwatin ya hura mashi iska, fu, fu. Na ce, "Ka ga tofin da ake faɗi." Ya ce ƙura yake kaɗewa, haka duk masu irin wannan gem suke yi. Ya kunna, ɗan mutumin ya fito a gindin dutse, ƙofar farko. Ya miƙo mani abin dannawa wai tunda ni na sauko da shi, ni zan fara mai da shi. Sau uku ina jefa bawan Allah a rami ɗaya. Na ce ya karɓi kayanshi, ramin ne ba a gina shi daidai ba. A nan na ce ya yafe mani. Ƙanwata ta ce shekara sittin tana tare da ni ba ta taɓa jin wannan kalma a bakina ba. Ki rubuta, ban hana ki ba.

La'asar sakaliya muka kamo hanyar gida da gyaɗarmu da tsarabar daddawa. Motar dawowa ta fi ta zuwa cika, akuya na numfashi a ƙeyata tun daga Malumfashi har Bakori. Ana kiran magariba muka shiga Funtua. Bilki na tsakar gida tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Na wuce ta, na yi alwala na yi sallah na yi lazimi, sannan na sa aka kira mani ubanta. Na ce Juma'a a ba shi. Sharaɗina biyu: in matarshi na magana ya cire abin kunne, in kuma akwai abin da ba ya so a taɓa a gidan, ya faɗa da baki. Kwanon ya suɓuce daga hannun yarinyar.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa. Duk abin da mai taki ya faɗa ya gani, ya gani ɗin, fassarar ce tashi. Ni ma da na tsaya a kan takardar nan, da na kashe auren jikata da shaida a haɓar zane. Mutumin da aka rushe mashi aikin shekara ashirin da biyar ya fara duba ko wayar mai rushewar ta yi caji, ba zai ɗaga wa Bilki hannu don miya ta yi gishiri ba.

Kiɗan nashi har yanzu ban ce kiɗa ba ne. Ya sa mani na gonar dawar a waya, ina kunnawa bayan azahar don kawai in ji ko amaryar nan ta gyara lugude. Jiya Bilki ta ce mani ya koma ƙofa ta goma sha tara. Kullum sai na tambaye ta inda ya kai. Ba wai abin ya dame ni ba ne. Ni na jefo ɗan mutumin nan daga kan dutse, dole in ga ya koma.