Su Yunusa ko su Bushira

Duk wanda ya taɓa zama a fadar Hamani mai walda, can bayan tashar Madawa, ya san ba a kaiwa shayi na biyu sai gardama ta tashi. Kuma kullum ita ce dai: cikin ekip ɗin basket, wato ƙungiyoyin ƙwallon kwando, da garin nan ya taɓa yi, wace ta fi? Su Yunusa na da, ko su Bushira na yanzu? A yi ta ihu har mai wucewa ya ɗauka gado ake rabawa. Shi kuwa Hamani, wanda ya koya wa dukkansu riƙon balo, sai ya sauke gilashin walda a fuska ya ci gaba da aikinsa.

Hamani mutumin Azarori ne, gajere kamar turmi. Da ƙuruciya ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan, kamar kowane saurayin Adar in an gama girbi. Can ya koyi walda, can kuma ya fara ganin wasu dogaye suna jefa balo cikin kwandon da ba shi da gindi. Ranar farko dariya ya yi, ya ce wannan wace irin asara ce, ka sha wahala ka saka abu ya zube. Kafin ya ankara, shi ne mai zuwa filin kafin kowa. Da ya dawo gida ya zauna Madawa, ya lanƙwasa rodi ya yi zobe biyu, ya kafa su a wani fili mai jar ƙasa. Matarsa Kadijatu ta saƙa ragar da zaren buhu, tana saƙa tana mita.

Su Yunusa ne ekip ɗinsa ta farko, kuma in gaskiya za a faɗa, kai, yaran nan sun iya! Yunusa dogo ne, daga tsakiyar fili yake jefawa ya juya baya tun balo ba ta sauka ba. Sauran kuwa gudu kamar an kora su, da takalman roba, wani ma ƙafa ƙasa. Sun je Buza sun ci, 'yan Keita sun zo sun koma ba magana. Abin da ya rage kawai shi ne babban kofi na Tawa.

To, ga inda matsalar take. Kofin Tawa da rani ake yi, rani kuwa ba ya tarar da samari a Adar. Ana ɗaure damin ƙarshe, kowa ya ɗaure jaka. Wata shekara Hamani ya bi gida gida yana roƙon iyaye su bar masa yaran su ɗan jinkirta. Mahaifin Yunusa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Hamani, balo za mu ci da bazara?" Hamani ya tashi ya fita, don shi ma yunwar nan ce ta taɓa kai shi Abijan. Haka aka watse, wani Libiya, wani Aljeriya, ekip ɗin ba ta taɓa taka Tawa ba. Da wannan Yunusa yake cin gardama har yau, ya dawo ya zama dillalin albasa, ya ajiye tumbi, yana buga cinya yana cewa, "Da mun tahi, wallahi da kofin na nan bisa teburin ga!" Wa zai ƙaryata wasan da ba a buga ba?

Shekara da shekaru Hamani yana horar da samari, hanya tana kwashewa. Wata rana da la'asar Kadijatu ta kawo masa fura a fili, ta ga 'yan matan lise, makarantar sakandare, tsaye a gefe suna kallo, har da autarsu Bushira. Ta ce, "Malam, kai dai ba ka gani. Waɗanga ai ba su zuwa biɗa." Washegari ya miƙa musu balo. Mutane suka yi surutu, 'yan mata da dogon wando da ɗankwali ɗaure tamau suna tsalle a bainar jama'a. Suka yi har suka gaji, daga baya su ne masu zuwa kallo da kujerunsu.

Su Bushira ba su kai su Yunusa tsawo ba, ba su kai su ƙarfi ba. Amma rani da damina su ne dai, har kowace ta san inda 'yar'uwarta za ta tsaya tun ba ta tsaya ba. Bushira ce mai rabon balo, sai ka rantse tana da ido a ƙeya. A bana suka ci Buza, suka je Keita suka ci, aka ce su shirya Tawa. Hamani ya yi farin cikin da bai taɓa yi ba. Mutumin da ba a san shi da waƙa ba, sai ga shi yana walda yana rera abin da shi kaɗai ya san kansa.

Ana cikin haka aka kira waya daga Yamai. Wata mata mai horar da wani babban kulob ta ga Bushira a wasan Keita, tana son ta. Ga gurbin karatu, ga gwaggonta a can da za ta zauna wurinta. Sai dai wasanninsu sun kusa farawa, in za ta zo ta zo yanzu, kafin Tawa, in ba haka ba su ɗauki wata. Bushira ba ta iya tunkarar ubanta ba, uwarta ta gaya wa. Kadijatu ta bari ya fara cin tuwo sannan ta faɗa masa. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Ba inda za ta," in ji shi. "A bari a gama Tawa."

"Sun ce ba su jira, Malam."

"To su sha zamansu."

Ya san in ba Bushira, zuwa Tawa yawon buɗe ido ne kawai. Abin da ya jira tun gashinsa na baƙi, ga shi a bakin ƙofa, a ce ya sake shi da hannunsa? Ina!

Bushira ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta yi fushi ba. Kullum tana fili kafin kowa, tana wasa fiye da da, in ya yi magana ta ce, "To, Baba." Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo.

Labari ya kai fada. Ranar ba a yi gardama ba, aka sha shayi aka watse. Yunusa kaɗai ya rage a benci, yana juya kofi a hannu.

"Kawu," ya ce, "ka tuna rad da ka zo gidanmu kana roƙon tsohona?"

"Na tuna."

"Na daɗe ina jin haushinai, Allah ya jiƙan shi. Amma shi yunwa yake tsoro. Kai mi kake tsoro?"

Hamani ya ɗaga gilashi ya dube shi. "Tashi mini bisa benci, mai tumbin albasa!"

Yunusa ya tashi sumui-sumui ya tafi. Hamani ya koma kan ƙofar da yake haɗawa, ya liƙa pata, maratayin ƙofar, a juye, ya yanke, ya sake liƙawa a juye. Sai ya kashe inji ya nufi gida tun azahar ba ta yi ba. Ya tarar da Kadijatu tana tankaɗe. Bai zauna ba, ya ce, "A daka gumba, a soya ƙuli. Ba a tahiya ba guzuri." Kadijatu ta ci gaba da tankaɗenta tana murmushi, don gumbar tun jiya take cikin kwano a rufe.

Ranar tafiya tashar ta cika. 'Yan ekip sun zo da rigunan wasa, 'yan fada sun zo, Yunusa ya ɗauko jakar a kafaɗa yana haki. Wani daga baya ya ce, "To yanzu an yi kunnen doki, su ma ba su zuwa Tawa cikakku!" Aka yi dariya, har da Hamani.

Da direba ya fara danna oda, Bushira ta durƙusa gaban ubanta. Ta ce, "Baba, ka yahe mini Tawa."

Ya ɗora hannunsa mai tabon wuta a kanta. Yana baƙin ciki, yana kuma jin daɗi, bai ɓoye ko ɗaya ba.

"Tashi, Auta. Duk wanda na koya wa balo a garin ga, yunwa ce ta kira shi ya tahi. Ke kaɗai ce balo ta kira. Allah shi yi miki albarka."

Ta shiga kar, motar Yamai, ta zauna gefen taga. Hamani ya tsaya yana kallo har motar ta sha kwana ta hau babban titi.