Gidan Hajiya a Boda

Ana sallame asuba muka bar unguwarmu, Kilomita Biyar, ni da mai babur. Shekara ashirin ina ɗaukar hoto a Titin Koudoukou, yau ba mai son na takarda, sai bidiyo. Da furfurata na zauna koyon yankawa da haɗawa a waya.

Wani Alhaji maƙwabcina ne ya aike ni garin Boda. Mahaifiyarsa tana Kamaru tun lokacin rikicin da ya kori Musulmi daga garin, ta dage sai ta koma gidanta ta mutu a ciki. Ya ce in ɗauko gidan a bidiyo, in da hali ta dawo.

Kwalta ta kai mu Mbaïki, daga nan jar ƙasa da ramuka. Kowane shinge sai an ƙare wa hulata kallo kafin a dubi takardata. A hanya muka ci gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganye. Naman ban taɓa ba, ban san wa ya yanka ba. Mai babur ya cinye nasa da nawa.

Gidan yana nan, da kwanonsa da rijiyarsa. Wata mata ce a ciki da 'ya'yanta. Ta ba mu kujera, ta yi wa waya murmushi. Na zagaya na ɗauka, na sauke hannu kamar yadda na saba da kyamara, wadda da ka danna ta gama. Na manta waya sai an tsayar da ita, ashe tana ta ɗauka. Sai ga mijin matar. Ya ba ni hannu, ya ce da yaren Sango, a hankali: "Ka gaya musu duk wanda ya dawo ba zai kwana biyu da rai ba."

Washegari muka dawo. Da na zauna yankawa sai na ga minti guda na ƙasa da ƙafafu, muryar mutumin tar a kai. Alhaji ya saurara sau biyu.

"Malam, cire wannan. Zuciyar Hajiya ba za ta ɗauka ba."

"Alhaji, in na cire, mota za ta hau."

"Ni zan hana ta."

"Da me? Da bidiyon da ya nuna mata lafiya lau?"

Daga ƙarshe Alhaji ya tura mata bidiyon yadda yake.

Bayan kwana uku Hajiya ta kira ni. Ta ce a bar maganar dawowa. Ta ce in ciro mata hoton ƙofar gidan guda ɗaya, in wanke a takarda, marar murya.

Abin da na koyo ke nan. Da hoto kaɗai na ɗauko, da na kawo mata murmushin matar, da yanzu tana hanya. Sabon aikin nan ban so shi ba, har yau ba na sonsa. Amma ban ƙara taɓa kyamarata ba.