Kujerar Iya da Damtsen Kaka

A tsakar gidanmu na Tudun Wada akwai curin siminti guda biyu, kowanne da siffar gwangwanin fenti, da rami a tsakiya inda bututun ƙarfe ya taɓa ratsawa. Ɗaya bokiti muke ɗorawa a kai. Ɗayan kuwa kujerar Iya ce, kakarmu ta wajen uba, ko kaza ba ta isa ta hau ba. Ina ɗan shekara tara na gwada ɗaga shi, na yi nishin da sai da akuyar maƙwabta ta amsa mini, amma ko motsi bai yi ba.

A kansa Iya take zama da damina bayan sallar Magariba, ta hura gawayi tana gasa mana masara kafin tuwo ya sauka. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ido a kan masarar da ta fi girma. Ni Ango take kirana, wai ni ne mijinta na yanzu, sai dai kullum cikin ƙorafi take.

"An cuce ni," in ji ta. "An ɗauke mini ƙato, an ba ni tsinken tsire."

Kakannin wasu labarin kura da zomo suke bayarwa. Ita Iya ƙartin unguwarmu ne tatsuniyarta. Takan faro daga Mamman Ɗandako na zamanin auduga, wanda ke saɓa dila biyu a tashar jirgin ƙasa yana cin rake. Ta gangaro kan Sale Katako na Gyallesu, wanda tela ke auna ƙirjinsa a zango biyu, sai ya huta a tsakiya. Sai Bala Inji na Tudun Jukun, wanda ya zo daga baya, lokacin babanmu yana saurayi, ya ciyo kofuna har matarsa ta rasa inda za ta ajiye kwanukanta. Ban sani ba ko Iya na ƙara gishiri. Ni dai da na tashi ba abokaina labarin a makaranta, dilolin Mamman sun zama huɗu.

Amma a tsakiyar jerin akwai wanda ba ta taɓa kama sunansa, sai dai ta ce "kakanku". Shi ne Kaka Tanimu, mijinta, wanda ya rasu kafin a haife ni. Hotonsa na nan a ɗakinta: ya sha man gyaɗa yana ƙyalli, ya lanƙwasa hannuwa biyu, wandonsa har gwiwa, domin mahaifinsa malami ne kuma da wannan sharaɗin ya yarda ya shiga gasa.

Wata ranar na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

"Iya, me ya sa nake iya mirgina wancan simintin, amma naki ya ƙi?"

Ta juya masara, ta dube ni, ta dubi sauran. "Ga wata nan tafe," ta ce, "mai nauyi ce, ku gyara zama."

"Ta iso mu taya ta saukewa," muka amsa.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan ne, in ji ta. Kowa gini yake yi, siminti ko'ina, gwangwanayen fenti a zube a bakin hanya. Samari suna sayen babur da rediyo da wando mai faɗin ƙafa. Shi kuwa Kaka ba abin da ya ɗauke masa hankali sai mujallun da wani Malam Yohanna, malamin motsa jiki daga Wusasa, yake nuna wa samarin unguwa. Hotunan mutane ne masu jiki kamar an sassaƙa. Malam Yohanna ya tara su yana koya musu ɗaga ƙarfe da yadda ake tsayawa gaban alƙalai, ya kuma ce akwai gasa a Kaduna, wanda ya fi kowa a Tudun Wada shi zai kai.

Kaka ya samo gwangwani biyu da bututu, ya kwaɓa siminti ya zuba, ya bar shi a bayan ɗaki ya bushe, ya tafi wurin aiki.

Ita kuma Iya watanta biyu a gidan. Ran nan surukarta ta ba ta babbar rigar Juma'ar Baba Malam, mahaifin Kaka, ta goge. Dutsen gugar na gawayi ne, na ƙarfe zalla, Baba Malam ya gaje shi daga mahaifinsa kuma yana ji da shi. Tana cikin guga ya suɓuce mata ya faɗi a kan dutsen niƙa, murfinsa ya rabu biyu.

"Shekarata goma sha tara," in ji Iya. "Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Sai ga siminti ɗanye yana kallona. Na danna shi ciki, shi da murfin, na shafe saman da bayan ludayi, sumul. Ko birkila bai fi ni ba."

Ƙanwata Ummi ta toshe baki. Ni kuwa nan take Iya ta ƙara daraja a idona.

Aka nemi dutsen guga har cikin rijiya. Da aka gaji, Baba Malam ya ɗaga hannu ya ce shi bai zargi kowa ba, amma duk wanda ke ɗauke da kayan nan, Allah ya sa ya ji nauyinsa kullum safiya.

"Kuma ya ji," in ji Iya. "Ɗansa ne ke ɗaga shi kullum bayan Asuba."

Kaka mutum ne mai tsari. Inda ya ɗauki ƙarfensa nan yake mayar da shi, a jikin bango, gefe guda, don haka ɓangaren mai dutsen guga kullum a damansa yake faɗowa. Da ya ji dama na rinjaya, sai ya ɗauka hannun ne ke ragwanci, ya ƙara masa aiki na musamman. Wata takwas ana haka. Ƙirji ya buɗe, wuya ya cika, yara na binsa a layi. In ya shiga kasuwar Tudun Wada sai mahauta su ba shi gyara ba tare da ya roƙa ba.

Iya ce ta fara gani, domin ita ke yi masa ɗinki. Ta ɗinka masa rigar Sallah, hannun hagu ya zauna daidai, na dama ya yage tun kafin a je Idi. Ta sa tef ta auna a ɓoye da sunan gyara: inci ɗaya da rabi tsakani.

Ba a jima ba Malam Yohanna ya tsayar da shi gaban madubi. "Tanimu, alƙalan nan ba girma kaɗai suke dubawa ba. Sai dama da hagu sun zo ɗaya. Kai kuwa kamar mutum biyu aka haɗa. Saura wata huɗu. In ba a gano dalili ba, ba zan kai sunanka ba."

Gida ya rikice. Surukar Iya ta ce hannun hagu ne ke shanyewa, an yi masa baki. Aka shiga jiƙe-jiƙe da turare. Aka je asibiti, likita ya ce lafiyarsa ta ishi mutum uku. Kaka ya daina cin ƙwai shidan da yake ci, ya koma zama a kan dakali yana kallon hannunsa. Rannan ya ce wa Iya gobe zai kai ƙarfen bola.

"Kun san surukuta a lokacinmu," in ji Iya. "Tun da na zo gidan, ban taɓa ce wa Baba Malam komai ba bayan ina kwana, shi ma daga bayan ƙofa, a durƙushe. In na hango shi a soro, sai in koma da baya ko da tukunya na ƙonewa. To, ni ce zan je in ce masa ni na fasa, ni na binne, ni na yi shiru wata tara ana ta neman ɓarawo."

"Da ni ne, shiru zan ci gaba da yi," na ce.

"Na sani, Ango. Shi ya sa har yau ban tare a gidanka ba."

Da safe, bayan ɗalibai sun tashi daga karatu, ta je ta durƙusa a bayan labulen zaure. Kaka na ciki wurin mahaifinsa. Daga nan ta faɗa duka, har da ludayin.

Sai ta ji wani sauti, ta ɗauka kuka ne. Ashe Baba Malam ne ke dariya har rawaninsa ya kwance.

"Tanimu, ashe kai addu'ata ta kama," ya ce. Sannan ya juyo wajen labule. "Yarinya, kin yi laifi biyu, kin gyara da abu ɗaya da ya fi su wuya. Tashi, Allah ya yi miki albarka. Kada wanda ya fasa simintin nan."

Kaka ya miƙe. Ya fita tsakar gida, ya ɗaga ƙarfen, ya juya shi, mai nauyin ya koma hagu. Shi ke nan maganin da aka yi wata guda ana nema. Kowace Juma'a yakan miƙa wa Iya hannu biyu ta auna. A Kaduna ya zo na biyu, wani mutumin Jos mai cinya kamar turmi ya sha gabansa. Shekara na zagayowa ya koma ya ɗauko kofin, aka raka shi da babura tun daga Kwangila har ƙofar gida. Kofin ne Iya ke ajiye goro a ciki.

"Na sauke ta nan," in ji ta, tana raba masara. "Mai ƙarfi ya ɗauka."

Shekaru na yi ina ɗaukan labarin a matsayin na Kaka. Shi nake son zama. Yanzu ina da shekara sha bakwai, ina zuwa ɗaga ƙarfe a wani shago a Kwangila, kuma damtsena ya kai a gan shi in an matso kusa da fitila.

Bara na saci babur ɗin babanmu na zaga unguwa, na fasa fitilar gaba a jikin kwalbati, na lallaɓa na mayar da shi inda yake. Baba ya ɗora laifin a kan yayana, har ya hana shi hawa. Kwana uku ina ɓoye laifin. A na huɗu na zo giftawa ta gaban Iya, tana kan kujerarta.

"Ango," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "kafaɗarka ɗaya ta fi ɗaya sauka."

Daga nan zuwa ɗakin Baba taku goma ne. Na ɗaga ƙarfe iri-iri, amma ban taɓa ɗaga abu mai nauyin gaskiyar da na faɗa masa ranar ba. Kuma Baba bai gaji dariyar kakansa ba: wata guda na yi ina wanke babur, yayana na zaune yana nuna mini inda ban goge ba.

Da na fito daga ɗakin, kunnuwana na zafi, Iya ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe simintin da gefen zanenta.

"Zauna," ta ce.

Na zauna. Duk gidan nan ba jikan da ya taɓa hawansa. Bai fi minti biyu ba ta taɓa ni da sandarta.

"Ya isa. Tashi, kada ka saba."