Jar Rigar Gangunan Yayana

Yayana ne ya kawo gangunan majami'armu daga Kaduna, a bayan wata motar citta da ta dawo ba kaya. Guda biyar ne: babbar da ake takawa da ƙafa, ƙanana biyu a samanta, ɗaya mai ƙafafu uku a gefen dama, da mai kaifin murya da ke zama tsakanin gwiwoyi. A Kafanchan jaz muke ce musu. Jikinsu katako ne, amma ba a ganin katakon, domin an naɗe kowacce da wata jar roba mai ƙyalli, an liƙe da gam. Yayana riga yake kiran robar, mu ma muka bi bakinsa.

Shi ya koya mini bugu, da wasa, ranakun Asabar bayan an tashi koyon waƙa. Lokacin na haura shekara talatin, ina koyarwa a firamare, ina zaune da mahaifiyarmu. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai ciwon hanta ya kwantar da shi, bai yi wata biyu ba ya rasu.

Lahadi uku gangunan suna rufe da zane. A mako na huɗu fastonmu ya zo gida, ya zauna a kan benci, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Malama," ya ce da ni, "sujada ta yi shiru da yawa. Samarin da suka iya duk sun tafi Abuja da Jos."

Kafin in buɗe baki Mama ta amsa daga bakin murhu: "Za ta buga, Baba Fasto."

Na ce to, zan riƙe kafin a sami wani. Daga ranar Mama ta bar layin zumuntar mata inda take zama tun ina yarinya, ta dawo benci na gaba, daidai fuskar gangunan. Ba ni take kallo ba. Jan nan take kallo, tun daga waƙar buɗewa har addu'ar sallama.

A bazara ta biyu na ga tsaga ta farko. Siririya ce kamar gashi, ta taso daga gindin ɗaya daga cikin ƙarafunan da ke ɗaure fatar ganga, ta miƙe kamar tsawon ɗan yatsa. Majami'armu rufin kwano ce ba silin, gangunan kuma suna jikin taga, rana tana dukansu tun safe. Da na duba da kyau sai na ga rigar ta janye daga baki, katako ya leƙo, inda aka haɗa bakin robar kuma ya fara ɗagawa. Na sayi ɗan gam ɗin nan mai kamawa nan take na ɗiga. Ya kama, amma ya bar farin tabo, bayan kwana kaɗan robar ta fashe a gefen tabon, tsaga ɗaya ta zama uku.

A hanyar gida ranar Lahadi Mama ta tambaye ni da yarenmu, a hankali, kamar mai tambayar jikin majiyyaci: "Me ya sami rigar?"

"Zafi ne, Mama."

"Lokacin yayanki ma ana zafi."

 

Akwai wani tsohon kafinta a bayan layin dogo, mai gyaran kujeru, wani lokaci har da jita. Na ɗora ƙaramar gangar da ta tsage a babur na kai masa. Ya juya ta a hannu, ya danna robar da babban yatsa, ta yi ƙara kamar busasshen ganye.

"Malama, wannan roba ya gaji," ya ce. "Damina ya zo, katako ya sha ruwa ya kumbura. Rani ya zo, ya koma. Shi roba kullum tsukewa yake yi, ba ya komawa. Ƙarfen nan ya riƙe shi a wuri ɗaya, shi yana ja, to dole ya yage. Ki cire shi duka, mu goge katako, mu shafa mai. Zai ma fi daɗin ji."

"Ba zai yiwu ba, Baba."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya san yayana, ya je jana'izarsa. Bai tambaye ni dalili ba.

"To, sai ki koyi jinya," ya ce.

Ya koya mini. Gam ɗin masu gyaran takalma ake shafawa a ƙarƙashin robar da tsinke, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a danne. A shimfiɗa tsumma a bi da dutsen guga mai ɗumi kawai, in ya yi zafi robar ta ƙara tsukewa. A naɗe gangar da robar tayar babur ta kwana a ɗaure. Inda tsaga ta tsaya, a gasa allura a huda ɗan rami, don kada ta ci gaba. A ɗan sassauta notin ƙarafunan. Abu na ƙarshe, a raba gangunan da taga.

Wannan na ƙarshen ne ya gagara. Kusurwar da ke da inuwa ta zumuntar mata ce, nan suke ajiye tukwanen kiɗansu da caki. Na kai maganar gaban dattawan ikilisiya, suka ce za su duba. Shugabar mata ta ce ita ba ta ƙi ba, amma tun kafin a haife ni tukwanen suke wurin. Aka yi zama biyu, aka rufe da addu'a, gangunan suka zauna inda suke. Na ɗinka labule na rataya. Masu zama kusa suka ce na tare musu iska, duk Lahadi sai in tarar an ɗage shi.

Haka Asabar ɗina ta zama ta gam. Abokan aikina suna tafiya biki Samaru Kataf, suna zuwa kasuwa, ni ina zaune a ƙasan siminti da ganga tsakanin ƙafafuna, warin gam yana sa mini ciwon kai. In liƙe nan, can ya ɗaga. Yatsuna suka yi kanta, har ɗalibaina suna tambayata ko na fara gyaran takalma. Wani abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ban ma son bugun. Ina iya riƙe waƙa, ba na ɓata wa mawaƙa, amma ban taɓa jin abin da yayana yake ji ba in ya rufe ido yana kaɗa kai. Ni idona a buɗe yake, ina kallon tsaga, ina lissafin wadda za ta kai mako.

A shekara ta huɗu aka ba ni shugabancin wata makaranta a Kwoi, har da ɗaki a cikin harabar. Na riƙe takardar kwana uku kafin in faɗa. Mama tana kankare citta a tsakar gida, ta saurare ni har na gama.

"Kwoi ba nisa," ta ce. "Allah ya sa albarka."

Zuciyata ta yi sanyi. Sai ta ɗauki wata cittar.

"Za ki riƙa zuwa ran Juma'a ke nan, ko? Don gam ɗin ya samu ya bushe kafin Lahadi."

Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya ce tsakani da Allah. Na tsaya ina hango kaina a bayan babur duk mako cikin ruwan sama, na bar makarantar da aka damƙa mini, na zo liƙe roba. Na hango kuma Lahadin da ba zan zo ba, ita a benci na gaba. Takardar ta zauna a jakata har aka dawo daga hutu, aka ba wani.

A bazarar da ta biyo aka yi wani ɗaurin aure da rana tsaka, majami'a ta cika har waje. Ana cikin rawar kai baiko, wato sadakar majami'a, na ji wani tas a gefen damana. Haɗin rigar gangar mai ƙafafu ya buɗe daga sama har ƙasa, robar ta nannaɗe waje kamar ɓawon rogo. Duk bugun da na yi sai ta yi zuuu. Na gama hidimar ban sake taɓa ta ba.

Ran Litinin na kai wa kafinta. Ya gwada jawo bakin biyu su haɗu, saura faɗin yatsa biyu.

"Ya ƙare, Malama. Ko ni ko wani, ba mai iya haɗa shi."

Na ce ya cire. Ya ɗumama ta, muka riƙa ɓamɓarowa, tana karyewa gutsure-gutsure. Da muka zo goge tsohon gam da kananzir sai ga shuɗi a ƙasa, ɓarɓashin wata robar daban maƙale a jikin katakon, ga wasu ramuka da aka toshe, ga tabon ruwa.

"An taɓa canja masa riga," in ji kafinta. "Tsohon kaya ne. Da shuɗi ne."

Yayana ya ce wa kowa sababbi ne daga kwali. Haka aka sanar a gaban ikilisiya, Mama ta yi guɗa. Na zauna a kan wata karyayyiyar kujera, raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Wani a wani gari ya taɓa yage rigar nan ya sa wata, ya wanke hannu ya ci abincinsa. Ni kuwa shekara uku ina lallaɓa ta.

Muka goge da samfefa, ya shafa man katako sau uku. Da za mu mayar da ƙarafunan sai kusoshin suka yi tsawo, tunda kaurin robar ya tafi, ya yanko ƙananan zobba ya cike. Na buga sau ɗaya a shagon. Muryarta ta buɗe, mai zurfi, har matar da ke soya ƙosai a ƙetaren hanya ta waiwayo.

Ranar Lahadi Mama ta shigo, ta zauna, ta gani. Ba ta tashi ba ko a waƙa ɗaya. A gida ta zuba mini tuwon acca, ta ɗauki nata ta shiga ɗaki. Sai ran Talata ta yi mini magana.

"Ina rigar?"

Na kawo mata gutsattsarin a leda. Ta zazzage a cinya, ta jera su, ta mayar, ta sa a akwatinta.

"Sauran huɗun fa?"

"Su ma za su bi, Mama. Ba laifin kowa ba ne."

"Ba ina da rai ba."

Maganar shuɗin tana bakina. Na san in na faɗa, wataƙila ta sake ni. Na dubi hannunta a kan murfin akwatin, na haɗiye.

Yanzu huɗu ja ne, ɗaya launin katako. Babbar ta tsage ta gaba, na juya ta tsagar ta kalli ƙasa, yanzu kuma babu sauran gefen da zan juya. Bara wata ma'aikaciyar jinya da ke cikin mawaƙa ta ce tana so ta koya, na fara koya mata ranakun Asabar. Hannunta ya fi nawa nesa ba kusa ba, tana bugu tana dariya. Kwanan baya na ba ta waƙa biyu wata Lahadi, mutane suka tashi tsaye, ni kuma na zauna a benci kamar kowa, hannuwana a cinya ba abin da suke yi.

Bayan sujada Mama ta riƙo hannuna a bakin ƙofa.

"Yarinyar ta iya," ta ce. "Amma ki gaya mata ta rage ƙarfi. Rigar ba za ta ɗauka ba."

Na gaya mata. Ta ce ba komai, Malama, ta gane. Asabar biyu ke nan ba ta zo ba.